Tayar kwalta da daji a kan Hilux da sauran a-kori-kura: tambayoyin da ake yawan yi min

Tun da na fara jigilar hatsi da taki da Hilux tsakanin Kano da ƙauyukan gabashin Jigawa, ba tambayar da ake min kaman ta taya. A tasha, a gareji, har wurin ɗaurin aure wani zai ja ni gefe ya ce Alhaji wannan mai haƙoran da ka sa tana yi kuwa? Shi ne na ce bari in tara tambayoyin wuri ɗaya in huta da maimaici. Ni dai ba dillalin taya ba ne, da kuɗina na saya, wasu na ji daɗinsu wasu kuma na ciji yatsa.

Wai mece ce ma tayar A/T ɗin nan da ake ta magana?

Tayoyin manyan motoci irin namu kashi uku ne da aka fi sani, kuma a jikin tayar ake rubutawa. Akwai H/T, ita ce ta kwalta zalla, zanenta ƙanana ne a matse, ba ta da ƙara, yawancin sababbin motoci da ita ko makamanciyarta suke zuwa. Akwai M/T ta taɓo, mai manyan haƙora da faɗin rami tsakaninsu kaman ta tarakta. Sai A/T a tsakiya, wadda aka yi ta dan wanda yau yana kan kwalta gobe yana burji jibi yana cikin yashi. Haƙoranta sun fi na H/T zurfi da tazara, kafaɗarta na da kauri, kuma da yawansu haƙorin yana ɗan gangarowa gefe dan ya kare ta daga dutse da kututture. Yanzu har an fito da wata R/T da ke tsakanin A/T da M/T, amma ba ta cika yawa a kasuwarmu ba.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne A/T ba gwanar komai ba ce. A kwalta H/T ta fi ta, a caɓi M/T ta fi ta, amfaninta kawai shi ne ba inda za ta kunyata ka sosai.

Ni yawona cikin gari ne, Kano zuwa Kaduna zuwa Abuja. Ina bukatarta?

Gaskiya a'a. In a wata guda sau ɗaya kake sauka daga kwalta, shi ma zuwa gaida Hajiya a ƙauye da rani, bar kuɗinka a aljihu ka sa H/T mai kyau. Za ta fi kama birki, ta fi shiru, ta fi sauƙin shan mai. Ni yanda nake ce ma mutane, zauna ka lissafa tafiyarka ta watanni uku da suka wuce, ba tafiyar da kake mafarkin yi ba. In kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye burji ne, gona, fadama ko hanyar shanu, to ka fara tunanin A/T.

Sai dai akwai wani abu da 'yan ƙasar waje ba sa lissafawa mu kuma dole mu lissafa, wato kwaltar tamu kanta. Hanyar da rabin ta ramuka ne masu kaifin baki, ko wadda ake aiki a kai shekara da shekaru ana karkatar da ku cikin tsakuwa, sunanta dai kwalta amma aikin daji taya ke yi a kanta. Mai bin irin wannan kullum yana da hujjar sa A/T ko da bai taɓa shiga gona ba.

To me zai hana in sa M/T kawai, ai ta fi kwarjini?

Kwarjini kam akwai, mota sai ta zama kaman ta sojoji. Amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na taɓa sa ta wata damina, daga Kano zuwa Haɗeja kaina kaman zai tsage sabida gurnani, ko wa'azi na sa a rediyo sai na ƙure murya, kuma da ta fara cinyewa ƙarar ma ƙaruwa ta yi. A kwalta mai jiƙe ba ta kama birki yanda kake so dan robar da ke taɓa ƙasa kaɗan ce, sauran duk rami ne. Tana da nauyi, tana shan mai, tana saurin cinyewa a kan titi mai zafi.

Wanda M/T ta dace da shi shi ne mai aiki cikin laka ta gaske, irin baƙar ƙasar firki ta Borno da damina, ko masu hawa tsaunin Mambila su bar kwalta su nausa ƙauyuka lokacin ruwa, ko mai gonar shinkafa da ke kwana cikin fadama. In ba ka cikin waɗannan, kyau kawai kake saye. A yashi ma ba ta fi A/T ba, duba amsar yashi a ƙasa.

Waɗannan lambobin na jikin taya, 265/65R17 112S, me suke nufi?

Wannan ita ce tambayar da in ka gane ta ba mai sayar da tayar da zai juya ka. 265 faɗin tayar ne da milimita. 65 tsayin gefenta ne, wato kashi 65 cikin 100 na wancan faɗin. R na nufin radiyal, yanda aka shimfiɗa zaren cikinta. 17 girman rim ne da inci. 112 lambar lodi ce, ba kilo 112 ba fa, lamba ce da ke tsaye a madadin kilo 1,120 a kan taya ɗaya. S kuma iyakar gudu ce, kilomita 180 a awa. Q na nufin 160, R 170, T 190, H kuma 210.

Wannan girman 265/65R17 shi ne a kan Hilux da yawa na 'yan shekarun nan, wasu kuma 265/60R18, tsofaffi za ka ga 265/70R16 ko siririyar nan 205R16C ta motocin aiki. Kar ka dogara da abin da ke kan motar yanzu musamman in ta hannu ka saye ta, dan ba ka san abin da mai ita na da ya ɗora ba. Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar, a nan kamfani ya rubuta girman taya da iskar da ta dace.

Na ga wata an rubuta LT a gaban lambar, wata kuma mai shago ya ce min 10 fulai ce. Ya abin yake?

LT alama ce cewa an ƙera tayar dan ƙananan motocin ɗaukar kaya, jikinta ya fi kauri, tana jure iska mai yawa, kuma yawanci haƙoranta sun fi zurfi. Wadda ba LT ba, ko mai P a gaba, ƙirar motar shiga ce ko da kuwa zanenta na A/T ne. Shi ya sa za ka ga taya biyu suna ɗaya girma ɗaya amma in ka ɗaga su da hannu ɗaya ta fi ɗaya nauyi nesa ba kusa ba, kuɗinsu ma ba ɗaya ba.

Batun fulai kuwa, a LT za ka ga harafi, C daidai yake da fulai 6, D da 8, E da 10. Ba wai shimfiɗa goma ce a ciki ba, wannan zancen zamanin da ne lokacin da ake yi da zaren auduga, yanzu ma'aunin ƙarfi ne kawai. E ta fi jure lodi da ƙaya da dutse amma in motar ba kaya sai ka ji ta tana tsalle kaman jaki ya ga kura, ƙugunka zai gaya maka. Mai ɗaukar kaya kullum ya nemi D ko E. Wanda yawanci iyali yake ɗauka da ɗan buhu biyu uku, C ta wadatar, ko ma wadda ba LT ba in dai lambar lodinta ba ta gaza ta kamfani ba.

In na sa mai fulai 10 zan iya ƙara lodi ke nan?

Nan ne mutane ke yaudarar kansu. Hilux da takwarorinta irin su Ranger da L200 da D-Max, abin da aka yi su su ɗauka wajen tan ɗaya ne, har da mutanen da ke ciki. Buhun masara mai kilo 100 guda goma ka riga ka cika. Mu kuma mun san yanda ake yi ranar kasuwa, goma sha biyar, goma sha takwas, ga yaran mota a sama. Tayar LT mai lamba 120 na ɗaukar kilo 1,400 kowacce, ta fi mai 112 sosai, to amma sifirin ɗinka da birkinka da aksul ɗin baya ba su san ka canza taya ba, suna nan yanda suke.

Abin da taya mai ƙarfi ke ba ka shi ne sarari, ba za ta yi zafi ta fashe da wuri ba in kana kusa da iyaka. Ƙa'idar ita ce kar ka taɓa sayen wadda lambar lodinta ke ƙasa da wadda ke takardar ƙofa. In ka ga lamba biyu kaman 120/117, ta farkon ce taka, ta biyun ta masu taya bibbiyu ce a baya.

Ina so in sa wadda ta fi tawa girma dan motar ta ɗaga. Akwai matsala?

Mataki ɗaya ana yi, amma ka san abin da ka saya. Daga 265/65R17 zuwa 265/70R17 tsayin tayar ya tashi daga wajen milimita 776 zuwa 803, ƙarin kusan kashi 3 da rabi cikin 100. Motar za ta ɗaga da kaman santimita ɗaya da 'yan kai, ba wani abin a zo a gani ba, amma agogon gudunka zai riƙa ragi, in ya nuna 100 tayar na tafiyar abin da a da zai nuna 103, lissafin kilomita ma haka. In ka tafi 285/70R17 kuwa ƙarin ya kai kashi 7, nan za ka fara jin tana gogar madigadi in ka karya kan mota gaba ɗaya ko ka faɗa rami da lodi, ƙarfin tashi ya ragu, birki ya ƙara nisa, mai ya ƙaru, sai an ɗaga mota ko an yanke wani abu.

Ni shawarar da na fi ba mai shiga daji ita ce ya rage rim maimakon ya ƙara taya. 265/70R16 da 265/65R17 da 265/60R18 duk kusan tsayinsu ɗaya, bambancin shi ne yawan roba tsakanin rim da ƙasa. Mai rim 18 in ya daki bakin rami rim ɗin ke ji, mai 16 ko 17 roba ke shanyewa. Sai dai a gwada tukuna, dan a wasu sababbin motocin rim 16 ba ya shiga sabida girman birkin gaba. Kuma in za ka sayi rim, na Hilux da Ranger da L200 da D-Max noti shida ne masu tazara iri ɗaya, na Navara da yawa shi ma shida ne amma tazararsa daban, ba ya hawa.

Da gaske tana shan mai? Ƙarar fa?

Tana sha, ba dai kaman yanda ake zuzutawa ba. Nauyi da haƙora su ke jawo shi, dan haka LT mai harafin E ta fi wadda ba LT ba sha. Da tsadar man nan, mai yin doguwar tafiya kullum zai ji a aljihunsa a ƙarshen wata. Ƙara kuma ya danganta da zane, masu haƙora a matse kusan shiru suke, masu buɗaɗɗun haƙora suna da ɗan kuka daga gudun kilomita 80 zuwa sama. In taya ta fara kuka fiye da yanda ka saba, yawanci cinyewar gefe ɗaya ce, koma amsar juya taya da alaimen.

Wane kamfani ya fi?

Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙera taya a Legas a 2008, duk abin da muke sawa shigo da shi ake, shi ya sa farashin ke bin dala kaman jela. A saman layi akwai BFGoodrich All-Terrain, wadda aka fi sani da KO2, yanzu kuma an fito da KO3, kamfanin na ƙarƙashin Michelin ne kuma tun 1976 suke wannan layin. Gefenta na da ƙarfi ƙwarai, dutse da kututture ba sa yaga ta da sauƙi, amma tana da nauyi da tsada. Akwai Bridgestone Dueler A/T da Yokohama Geolandar A/T da Dunlop Grandtrek, waɗannan sun fi karkata wajen kwalta, shiru da laushi. Akwai Falken Wildpeak, Toyo Open Country, Cooper Discoverer, General Grabber, Goodyear Wrangler, Hankook Dynapro. A tsakiyar farashi akwai Maxxis ta Taiwan da GT Radial, sai na Chana irin su Triangle, Linglong, Westlake da Sailun.

Ba zan ce maka duk ta Chana banza ce ba, ƙarya ne, na ga wadda ta yi aiki ba laifi. Lissafin da nake yi shi ne kuɗi a kan kilomita, in mai rabin kuɗi za ta yi rabin tafiya to kunnen doki ne, sai dai ka ƙara wahalar zuwa canji. Sayen nagari mai da kuɗi gida ne, amma in abin da ke hannunka bai kai ba, sabuwar mai sauƙin kuɗi wadda aka yi bana ta fi babban suna da ya tsufa a sito. Kuma ka tabbata girman da ka zaɓa ana samunsa a garin da kake aiki, dan ranar da ɗaya ta yage a Gashuwa ba za ka so a ce sai an aiko daga Legas ba.

Ya zan gane tayar ba tsohuwa ba ce? Duk baƙaƙe ne suna ƙyalli.

Ƙyalli ba komai ba ne, mai ake shafa musu. Nemi inda aka rubuta DOT a gefen tayar kusa da rim, bi layin har ƙarshe za ka ga lambobi huɗu cikin ɗan zagaye. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. 2423 na nufin sati na 24 na 2023. Gefe ɗaya kawai ake buga cikakkiyar lambar, in ba ka gani ba a juya maka ita. Roba na tsufa ko ba a taka ta ba, balle a zafin Afrilu na nan da ke wuce digiri 40, a rumfar kwano. 'Yan rod sefti, wato FRSC, suna ɗaukar shekara huɗu daga ranar ƙira a matsayin wa'adin taya kuma suna dubawa a hanya. Su kamfanonin sukan ce a riƙa duba ta sosai bayan shekara biyar, kar ta wuce goma ko ya take. Kai dai da ɗan rod sefti za ka haɗu a hanya ba da kamfani ba.

Ni an taɓa yi min. Na sayi huɗu a wani shago ana gab da magariba ina sauri, biyun da aka nuna min na shekarar ne, biyun da yaro ya ɗauko daga ciki ban duba ba. Sai bayan sati uku ina wanke mota na tsuguna na ga lambar, ashe sun girmi sauran da shekara uku, ga 'yan tsage-tsage sirara tsakanin haƙora kaman ƙafar mai faso. Na koma, mutumin ya ce ai an riga an taka. Tun ranar kowacce sai na sa yatsa a kan lambarta kafin a kai ta wurin mai faci. In ka ga wurin lambar kaman an kankare ko an ɗana wani abu a kai, ajiye ta ka bar shagon.

Ta hannu fa, 'yar Beljiyam? Wasu haƙoransu na nan kaman sabuwa.

Na san halin da ake ciki, ba kowa ke iya huɗu sababbi ba. Amma ka sani a dokar Najeriya tayar da aka yi amfani da ita na cikin kayan da aka hana shigo da su, duk wadda ka gani ta bayan fage ta shigo. Kuma yanda ake shigo da taya a ɓoye shi ne a cusa uku huɗu cikin ɗaya dan a rage wuri, hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama irin wannan har a sababbi. Wayar cikin tayar ta riga ta lanƙwashe, ba za ka gani da ido ba sai ranar da ta yi ƙulu a gefe ko ta ware a kan gudu. Wasu kuma na ƙasashen sanyi ne da aka yi su dan ƙanƙara, robarsu laushi gare ta, kwaltar Sakkwato da azahar cinye ta take kaman an sa mata wuƙa.

In dole ta sa, duba DOT, sa a cire ta ka leƙa cikinta da fitila ka nemi faci da tsagewa, shafa bakinta da ke kama rim ka ji ko ya karye, mirgina ta a ƙasa ka ga ko tana tangaɗi. Kuma kar ka yi mata lodi da gudu a tare.

Iska nawa zan sa?

Wallahi wannan ta fi sunan kamfani muhimmanci, kuma ita aka fi sakaci da ita. Fara da abin da ke takardar ƙofa, akwai na mota ba kaya da na mota da lodi, yawanci na baya ke ƙaruwa. Lambar da ke jikin tayar kanta, wadda a wasu masu harafin E ta kai 80 a ma'aunin iska na psi, iyakar abin da za ta iya jurewa ce, ba abin da za ka sa ba. In ka koma LT daga wadda ba LT ba, tana son ƙarin iska kaɗan kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya.

Sayi geji naka na kanka ka ajiye a mota. Na taɓa tsayawa wurin wani mai faci a bakin hanya, yaron ya dura iska ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa tayar, ƙwal ƙwal, ya ce oga ta yi. Da na sa gejina ɗaya 52 ɗaya 38. Ana auna iska da safe kafin a taka mota, dan in ta yi tafiya ta ɗau zafi lambar na hawa, kuma kar ka sauke wannan ƙarin, da ta huce za ta dawo daidai. Abin da ke fasa taya a hanyar Maiduguri da rana tsaka yawanci ƙarancin iska ne da lodi da gudu, gefen na ta lanƙwasa yana zafi har ya saki, mutane kuma sai su ce iska ce ta yi yawa.

Ina shiga yashi wajen Nguru da Yusufari, wani lokacin har Damagaram zuwa Agadez. Wace ta fi?

A yashi ba haƙori ake so ba, shimfiɗa ake so, kaman tafin raƙumi. A/T mai matsakaicin zane ta fi M/T dan M/T haƙa take, kafin ka ankara ta binne ka har ciki. Sirrin shi ne sauke iska zuwa wajen 18 ko 20, tayar sai ta ƙara tsawon inda take taka ƙasa motar ta riƙa yawo a sama. Direbobin Agadez da ke ratsa Tenere zuwa Dirkou sun fi kowa sanin wannan. Kar ka sauka ƙasa da 15 sai in ka kafe kana neman fita, kuma da ƙaramar iska ba gudu ba karya kwana da ƙarfi, in ba haka ba tayar ta zame daga rim. Da lodi mai nauyi kar ka sauke sosai.

Sharaɗin shi ne ka mallaki ɗan injin iska mai aiki da batirin mota, dan da ka dawo kan kwalta ko tsakuwa dole ka mayar da ita nan take. Wanda ba shi da abin mayarwa gara ya rage kaɗan kawai. Nan ma rim ƙarami ya fi, kaman yanda na faɗa a amsar ƙara girma.

Da damina fa, taɓo da ruwa a kan kwalta?

A taɓo mara zurfi da burji mai santsi A/T na yi. A laka mai danƙo kuwa ramukan na cikewa tayar ta koma kaman sulɓi, nan ba abin da zai cece ka sai M/T ko haƙuri har ƙasa ta sha iska. A kwalta mai ruwa nemi wadda ke da 'yan siraran tsage a kan kowane haƙori, su ke kama titi. Ka rage gudu musamman in bayan motar ba kaya, dan a-kori-kura baya take ja kuma bayan ba nauyi, ruwan farko a kan ƙura da man da ya zuba a titi ya juya motoci da yawa.

Ƙaya na damuna. Akwai wadda ba ta faci?

Babu. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa in ta bushe ƙusa ce, sai kututturen dawa da gero bayan girbi da ke soke gefe. LT mai D ko E na rage yawan abin sosai, amma ba ta hana shi. Hujin da ke kan tafin taya ana gyara shi, kuma gyaran kirki shi ne a cire ta a liƙe daga ciki, igiyar nan da ake cusawa daga waje ta kai ka gari ce kawai. Yagewar gefe kuwa ba ta da gyara, ko mai faci ya rantse maka ya ɗinke ya sa tub. Ƙulu a gefe ma haka, zaren ciki ne ya tsinke.

Kuɗin biyu kawai gare ni. In sa A/T biyu in bar tsofaffin biyu?

Ana yi in girmansu ɗaya ne, amma biyun da ke aksul ɗaya dole su zama iri ɗaya, kar ka sa A/T dama H/T hagu. Sababbin a baya ake sa su, na san direbobi da yawa za su yi min gardama, amma in baya ya kwace a kan ruwa sitiyari ba ya dawo da shi. In motarka mai ja huɗu ce, bambancin tsayi tsakanin gaba da baya na wahalar da giyar in ka sa ta, dan haka kar ka haɗa girma biyu ko kaɗan, kuma ko tayoyinka duk ɗaya ne ba a sa giyar ja huɗu ta Hilux a busasshiyar kwalta.

Safaya ma sai na canza?

In ka ƙara girma, eh, kuma ka gwada ko sabuwar na shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi. Sauke ta ko sau ɗaya a wata uku ka auna iskarta, sarƙar ma ta motsa, dan na ga wanda ya yi faci a daji ya tarar da safayar ba iska sarƙar kuma ta ci tsatsa.

Ya zan yi ta daɗe, kuma yaushe zan san ta ƙare?

Juya su duk kilomita 8,000 zuwa 10,000, na gaba su koma baya, in dai ba mai kibiya a gefe ba ce wadda ke da hanyar juyawa ɗaya, ita gefenta ɗaya take zama. Yi balansin ranar da ka sa su, yi alaimen ma, kuma ka sake duk lokacin da ka daki rami da ƙarfi ko ka ji mota na ja gefe. Shafa tafin hannunka a kan haƙoran, in tsakiya ta fi cinyewa iska ta yi yawa, in kafaɗu biyu ne ta yi kaɗan, in gefe ɗaya ne alaimen, in kuma tudu da kwari ne kaman an ɗiba da cokali to shokzoba ta mutu. Tsakuwar da ke maƙalewa tsakanin haƙora a riƙa cire ta da sukudireba.

A cikin ramukan akwai 'yan tudu da kamfani ya sa a milimita 1.6, in haƙori ya zo daidai da su taya ta suɗe. Amma wannan ma'aunin kwalta ne, mai shiga taɓo zai ji A/T ɗinsa ta daina kamawa tun tana da saura milimita 4 ko 5. Irin waɗannan ni nakan cire su kafin ruwa ya sauka in ajiye mafi kyawun a matsayin safaya ta biyu, in dai shekarunta ba su wuce ba.

Na ga wata da hoton dutse mai kai uku da wani fure a ciki, mai shago ya ce alamar ta fi ƙarfi ce a kan duwatsu.

Ba fure ba ne, ƙanƙara ce. Alamar na nufin an gwada tayar a kan dusar ƙanƙara ta ci jarrabawa, abin da ya shafi mutanen Kanada da Turai. A/T da yawa masu kyau na zuwa da ita kuma ba laifi ka saya, amma kar a ƙara maka ko sisi sabida ita, ba ruwanta da duwatsun Jos. Haka M+S, taɓo da ƙanƙara yake nufi, kusan kowace A/T na da shi.